Sakan Huɗu

A bayan ƙofar ɗakina akwai takarda da na raba gida-gida da biro kala uku. Baƙi na aiki, shuɗi na karatu, ja na hutu. Na manna ta ne a makon farko da na sauka ƙasar da na zo aiki, shekara biyu ke nan. Da farko gidajen ja bakwai ne, kowace rana da nata. A lokacin da wannan abu ya faru an soke shida, an rubuta wani abu a kansu. Saura ɗaya: Lahadi, daga azahar zuwa magariba.

Turanci nake koyarwa a wata cibiyar karatun manya, hawa na uku a saman shagon kayan lantarki. Ajin safe na masu neman aiki ne. Ajin yamma, daga biyar zuwa bakwai, na waɗanda suka taso daga aiki ne: direbobi, masu gadi, ma'aikatan otal, masu jiran kanti. Ban da wannan ina karatun digiri na biyu daga nesa. Ni da farfesan da ke duba kundina ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma ya san ranar da kowane babi ya kamata ya iso, kuma ba ya mantuwa. Matata da 'yan biyunmu da Inna suna gida, tafiyar awa bakwai a jirgi.

Cibiyar tana da tsari guda da take alfahari da shi, har an buga shi a takardar talla. Kowane mako malami zai ba da maudu'i, kowane ɗalibi ya naɗi muryarsa na minti uku, ya ɗora a shafin cibiya kafin Juma'a. Malami ya saurara, ya rubuta sharhi kafin safiyar Litinin. Ɗalibaina arba'in da ɗaya ne. Sauraro kaɗai awa biyu ne da 'yan mintoci. In aka haɗa da komawa baya a sake ji, da rubuta sharhi, awa biyar. Awa biyar ɗin nan ba su da gida a jikin takardar ƙofa, don haka suka tare a gidan ja na Lahadi. Sunansa hutu, amma na fi shekara ban huta a cikinsa ba.

Wanda muke raba tebur da shi a ɗakin malamai, kowa Dogo yake kiransa. Ya girme ni a aikin da shekara takwas, kuma ban taɓa ganinsa ya ɗauki aiki zuwa gida ba. Tun watana na biyu ya nuna mini abin da yake kira rumbu: fayil ne mai sharhi goma sha biyu, an riga an rubuta, kowanne zai zauna a kan kowane ɗalibi kamar hular roba. Shafin ba ya buɗe wurin sharhi sai ka danna alamar sauraro, amma bai damu da ko ka ƙarasa ba. Ka danna, ka tsayar, ka ɗebo daga rumbu, ka wuce. Ya ce taura biyu ma ba ta taunuwa, ni kuwa uku na cusa a baki, in ban yi hankali ba haƙori ne zai biya. Na yi masa godiya, na ajiye fayil ɗin ban buɗe ba. A zuciyata ina ganin na fi shi.

A ajin yamma akwai wata mata da ake kira Ungozoma, domin aikinta ke nan na asali. Ta haura hamsin. Shekara ashirin da biyu tana karɓar haihuwa a ƙasarsu kafin ta biyo 'yarta nan. A nan kuwa ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi take aiki, saboda asibitin da zai iya ɗaukarta da Turanci ake aiki a cikinsa, kuma ba ya duba takardun kowa sai da shaidar jarrabawar magana. Layi na biyu take zama, kusa da taga. Ba ta ɗaga hannu. Littafinta a naɗe yake da leda don kada ruwa ya taɓa shi. Tana ce mini Malam, ko da yake sa'an ɗanta ne ni. Ni kuma ina ce mata Mama.

Jarrabawar sau biyu ake yi a shekara. Dokar cibiya ita ce ba a sa sunan ɗalibi sai shi ya nema da kansa, malaminsa kuma ya sa hannu cewa ya shirya. Na sanar a aji cewa za a rufe rajista ranar Laraba ta mako mai zuwa. Mutum shida suka ɗaga hannu. Ungozoma ta dubi littafinta. Na ɗauka za ta jira zagaye na gaba, ban tambaye ta ba.

A makon ne barci ya kwashe ni a bas da safe, na wuce tashar cibiya, sai a ƙarshen layi aka tashe ni. Wanda ya tashe ni direban bas ɗin ne, kuma ɗalibina ne a ajin yamma, wanda ba ya bari a yi darasi ba tare da ya sa aji dariya ba. Ya ce tun tasha ta uku ya hango ni a madubi, amma ya ga ba ladabi ba ne ɗalibi ya katse wa malaminsa nazari. Na makara minti arba'in.

Da na ba matata labarin a waya, a matsayin abin dariya na bayar. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni awa nawa nake barci, na ƙara ɗaya a kan gaskiya. Sai na ji takunta, na ji ta buɗe ƙofar ɗakin Inna.

“Babana,” in ji Inna, “ko jaki in rana ta take ana sauke masa kaya. Lahadin nan ban yarda ka taɓa takarda ba. Ba shawara nake ba ka ba.”

Na ce to.

Babi na uku na kundina ranar Litinin ɗin nan ya kamata ya isa hannun farfesa. Asabar gaba ɗaya a kansa ta ƙare. Kundin a kan amfanin sharhin malami ga ɗalibai manya yake, kuma a shafi na goma sha huɗu na rubuta cewa abu na farko da babba ke nema a wurin malami shi ne ya tabbata an ji shi. Na kawo hujjar masana uku.

Ranar Lahadi da hantsi na zauna da shayi, na buɗe shafin cibiya. Naɗi arba'in da ɗaya suna jira. Na dubi takardar ƙofa, na tuna maganar Inna, na buɗe rumbun Dogo. Maudu'in makon shi ne yadda ake roƙon alfarma cikin ladabi, don haka na ɗan gyara sharhin su dace da shi. Na fara da ƙarfe goma da minti biyar. Na gama goma da rabi da minti ɗaya. Sharhi na bakwai ne ya faɗa kan Ungozoma, ba don wani dalili ba sai don shi ne a kan layi: Na saurara daga farko har ƙarshe. Buƙatarki ta fito sarai, komai ya yi daidai. Madalla.

Daga nan na huta. Na yi barcin awa biyu da rana, irin wanda mutum ke tashi bai san wace ƙasa yake ba. Na wanke kayana na shanya. Na je aski. Na taka har lambun da ke bayan gada, wanda shekara biyu ina ganinsa ta tagar bas ban taɓa shiga ba, na zauna a benci ina kallon wasu tsofaffi biyu suna gardama a kan wani kare da ba na kowa ba a cikinsu. Na kira gida, 'yan biyu suka nuna mini giɓin haƙoransu ɗaya bayan ɗaya, suna musu a kan wanda ya riga faɗuwa. Inna ta karɓi wayar ta ce yanzu ta ji muryar ɗanta. Ba zan ɓoye ba, ranar ta yi daɗi. Har yau in na tuna ta, daɗin ne ke fara zuwa kafin sauran.

Laraba na sa hannu a fom shida, aka rufe rajista.

Bayan mako biyu hukumar jarrabawa ta aiko da katunan shiga. Na raba su a ajin yamma, direba yana cewa a ba shi nasa da hannu biyu, don shi ne katin farko da hukuma ta ba shi wanda ba na biyan tara ba. Aka tashi. Ina goge allo na lura Ungozoma ba ta fita ba. Ta jira sai da takun mutum na ƙarshe ya ɓace a matakala, sannan ta matso ta tambaya, a hankali, ko nata katin zai zo daga baya ne.

Na ce wane kati.

Ta ciro wayarta, ta lalubo shafin cibiya, ta miƙo mini. Sharhi na bakwai ne, da sunana a ƙasa.

“A cikin naɗin na roƙe ka, Malam. Ka ce ka ji.”

Na ce mata bari in bincika a ofis, wataƙila matsalar daga hukumar ce. Ta ce to, Allah ya sa. Ta mai da wayar jaka ta sauka.

Ɗakin malamai ba kowa. Na sa abin sauraro a kunne, na nemo naɗin. Ta fara da gaisuwa, yadda na koya musu. Sannan ta ce ta san sauran ɗalibai ƙirƙirar roƙo za su yi, na aron biro ko neman hutu, amma nata na gaske ne, tana roƙon Malam ya yi haƙuri da hakan. Tana so a sa sunanta a jarrabawar wannan zagaye. Shugabar ɗakin haihuwa a asibitin ta ga takardunta, ta ce akwai gurbi, za ta riƙe mata shi har sakamako ya fito, amma ba za ta iya wuce nan ba. Ta ce kunya ce ta hana ta ɗaga hannu a gaban yara, don kada Malam ya ce ba ta shirya ba kowa ya ji. In ba ta shirya ba, Malam ya rubuta haka a sharhi, ba za ta ji haushi ba. In kuwa ya rubuta cewa ya yi daidai, za ta san an sa sunan, ba sai ta sake damunsa ba.

Minti biyu da sakan hamsin da takwas. A bayan muryarta ana jin wani inji yana juyi. Kuskurenta biyu ne kacal, kuma ƙanana. Da ta shiga jarrabawar da ta ci.

Washegari na gaya wa Dogo. Ya saurara yana ɓare lemo, ya ce abin bai kai na tashin hankali ba. In je wurin Darakta in ce naɗin ya ƙi buɗewa, na ji farkonsa ya tsaya, na ɗauka ƙarshensa ke nan. Hukumar takan karɓi rajistar makara in laifin na'ura ne. Ya ce na'ura ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta da kwantiragin da za a ƙi sabuntawa, a ɗora mata ta ɗauka. Kuma ai don amfanin matar ne. Wannan na ƙarshen ne na riƙe, na yini ina juya shi har ya yi santsi.

Darakta mace ce mai gajerun kalmomi, ta yi shekara goma sha biyar a aji kafin ta hau kujerar. Na shiga ofishinta ranar Alhamis da safe da maganar Dogo a bakina, na shirya ta tsaf. Na kai ga cewa akwai wata ɗaliba da sunanta bai shiga rajista ba, na faɗi wace ce da makon da abin ya faru. Ba ta jira sauran ba. Ta danna wani abu a kwamfutarta, ta juyo da fuskar allon gare ni. Ban san shafin yana da wannan ɓangaren ba. Layi arba'in da ɗaya, kowanne da sunan ɗalibi, da tsawon naɗinsa, da tsawon abin da malami ya saurara. Sakan uku. Sakan biyar. Sakan uku. A gaban Ungozoma, sakan huɗu.

Don haka ba zan ce na zaɓi gaskiya ba. Ta riga ni shiga ofishin, na tarar da ita a zaune.

Darakta ta ce ta daɗe tana faɗa wa masu cibiyar cewa ɗalibi arba'in sun yi wa malami ɗaya yawa, kuma za ta sake faɗa, amma wannan ba uzurina ba ne. Za a sa takardar gargaɗi a fayil ɗina. Zan saurari duka arba'in da ɗayan, in sake rubuta sharhi, in gaya wa kowane ɗalibi dalili. Ta tambayi inda na samo sharhin, na ce ni na rubuta. Ta dube ni, ta ce sharhi na bakwai ya girme ni a cibiyar. Ba ta ƙara komai a kai ba. A gabana ta rubuta wa hukumar jarrabawa, ta ce kuskuren na cibiya ne, ba na ɗaliba ba, ta roƙi a buɗe mata kujera ɗaya.

Amsa ta zo ranar Litinin. Kujeru sun cika. An sa ta a jerin masu jira, lamba ta tara. Darakta ta ce a iya saninta ba a taɓa wuce lamba ta uku ba. Ta ce za ta kira matar ta yi mata bayani. Na ce ni zan je.

Kafin nan na saurari sauran. Yawancinsu aron biro ne da neman hutu, kamar yadda Ungozoma ta faɗa. Wani mai gadi ya roƙi a matso da shi layin gaba don kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Na rubuta masa cewa lafazinsa na ƙara kyau. Direba ya yi minti uku yana roƙon fasinjan da ke barci ya taimaka ya sauka. Wannan kam na san da wa yake.

Gidan tsofaffin yana ƙarshen wani titi mai bishiyoyi. Ɗakin wankin a ƙasa yake, sai an sauka matakala goma sha biyu. Inji huɗu ne a jere, biyu na wanki biyu na busarwa, da dogon tebur na ƙarfe, da ƙaramar taga can sama da ake ganin ƙafafun masu wucewa. Ƙarfe biyu na rana na isa. Tana tsaye tana ninke zannuwan gado, ta ɗaure kanta da farin ƙyalle. Ta gaishe ni kamar a aji, ta share kujerar roba ɗaya da ke ɗakin ta ce in zauna. Ban zauna ba.

Na gaya mata komai a jere, yadda ya faru. Cewa ba hukumar ba ce. Cewa ban saurari naɗin ba, nata ko na kowa. Cewa sharhin daga wani fayil na kwafo shi. Cewa lamba ta tara ce, kuma kada ta sa rai. Ba ta daina ninki ba. Da na gama sai ta ɗauko wani babban zani daga kwando, ta miƙo mini gefe ɗaya.

“Kama can.”

Na kama. Muka ja, muka haɗa kusurwa da kusurwa, ta matso ta karɓa.

“Nawa ka ji daga ciki?”

“Sakan huɗu, Mama.”

Ta ɗan yi lissafi da leɓɓanta. “Ashe ko gaisuwata ba ka ƙarasa ba.”

Ta ce a nan ɗakin ta yi naɗin, lokacin hutun rana. Sau goma sha ɗaya tana yi tana gogewa, wani don ta yi tuntuɓen harshe, wani don injin ya shiga matsa ya rufe muryarta. Da ta ga sharhin, a daren ta gaya wa 'yarta, washegari ta gaya wa shugabar ɗakin haihuwa. Ta yi musayar ranakun aiki da abokiyar aikinta har na mako uku don ta samu ranar jarrabawa da kwana biyu kafinta. Duk wannan ta faɗe shi ba tare da ta ɗaga murya ba, kamar mai miƙa rahoto ga wanda zai karɓe ta a aiki.

Sannan ta tambaye ni abin da na yi da ranar. Na yi tunanin in ce karatu. Na ce na yi barci, na yi wanki, na je aski. Ta ɗaga kai ta dubi kaina a karo na farko.

“Askin ya yi kyau,” in ji ta.

Ta ce ba ta ga laifin barcin ba. Ita ma ta san aikin da mutum zai tsaya a kan ƙafarsa har ya fara ganin abu biyu-biyu. Amma a ɗakin haihuwa akwai takardar da ake rataya a ƙafar gado, ana rubuta bugun zuciyar jariri duk rabin awa. Abin da aka fara koya musu, kafin a bar su su taɓa kowace mace, shi ne in ba ka auna ba kada ka rubuta.

“Gurbin da ka bari fari, wadda ta karɓe ka za ta gani ta auna. Wanda ka cike da ka, ba mai sake dubawa. Da ka bar nawa fari, Malam, da Litinin ɗin nan na cire kunya na tare ka a matakala. Kwana biyu suka rage a lokacin. Sun isa.”

Na roƙe ta gafara. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na daɗe a duniya da zan san wannan ba i ba ce, ba kuma a'a ba. Injin busarwa ya yi ƙara ya tsaya, ta juya ta buɗe shi, zafi ya bugo. Na hau matakala goma sha biyun na fita.

Ba a kai lamba ta tara ba. An tsaya a ta biyu. Gurbin asibitin aka ba wata. Wannan a bakin Darakta na ji, domin Ungozoma ba ta zo aji ba mako biyu.

Matata ta gane akwai wani abu tun kafin in faɗa. Ta ce gaisuwata ta yi tsawo, kuma ba na tsawaita gaisuwa sai ina kewaye magana. Da na gama ba ta labari sai ta tambaya ko hutun da suka matsa mini ne ya jawo. Na ce a'a. Inna ta ce kada in taɓa takarda, ba ta ce in rubuta na ji abin da ban ji ba. Layi ɗaya ya ishe ni in tura wa ɗaliban: ban samu na saurara ba wannan makon, ku yi haƙuri. Abin da ya hana ni shi ne ba na so a ga gurbi a aikina. Matata ta ce to, Baban 'yan biyu, yanzu ai an gani. Muka yarda ba sai Inna ta ji ba.

Na cire takardar ƙofa na yi sabuwa. Lahadi ta koma baƙi, tunda dama baƙi ce. Asabar da yamma ta zama ja. Shuɗin ne ya rasa wuri, don haka na rubuta wa farfesa doguwar wasiƙa, shafi ɗaya da rabi, na nemi a ɗaga mini zango guda, na yi bayanin dalili ba tare da na rage komai ba. Kammala karatuna zai ja baya da wata shida, komawata gida ma haka. Amsarsa ta zo cikin minti tara: Na karanta. Ba damuwa. Madalla. Ban san ko ya karanta ba.

Dogo bai canza ba, sai dai yanzu yakan bar naɗin yana tafiya har ƙarshe yayin da yake ɓare lemo, abin sauraron a kan tebur.

A Juma'ar mako na uku na buɗe shafin na ga sunanta a cikin waɗanda suka ɗora. Maudu'in shi ne mutum ya kwatanta wurin aikinsa. Ban jira Lahadi ba. Ta yi gaisuwa. Ta kwatanta inji huɗu, da teburin ƙarfe, da tagar da ake ganin ƙafafu, ta ce ta san ma'aikatan gidan da takalmansu kafin ta san su da fuska. Ta faɗi zannuwa nawa take ninkewa a yini. Ba ta ambaci asibiti ba, ba ta ambaci jarrabawa ba. Da ya rage sakan goma sha biyar sai ta yi shiru, har na ɗauka ta gama. Injin yana juyi. Sannan ta ce:

“Malam, in ka iso nan, kada ka rubuta mini madalla. Wata shida gare ni. Rubuta abin da ban iya ba.”

Na mai da shi farko na sake ji, sannan na sake. Na samu kuskure biyar. Na huɗu daga ciki sai a ji na uku na kama shi, kuma irin wanda mai jarrabawa ba ya bari ya wuce ne. Na jera su, kowanne da minti da sakan ɗin da ya faɗo, da yadda ya kamata a ce. Ban ƙara kalmar yabo ko ɗaya ba, ko da yake ta cancanta.

Ranar Talata ƙarfe biyar saura kaɗan ta shigo, ta zauna a layi na biyu kusa da taga. Direba ya ce Mama ta dawo, yau aji zai yi hankali. Ta kwance ledar littafinta ta buɗe. Daga inda nake tsaye ina hango shafin: layi biyar, an kwafe da hannu, an ja layi a ƙarƙashin na huɗu. Fom ɗin zagaye na gaba yana cikin jakata, na cike komai sai wurin sa hannunta. Ban miƙa mata a gaban aji ba. Na jira sai da takun mutum na ƙarshe ya ɓace a matakala.